Wasiƙa daga Argungu zuwa ga Malam Sani a Fatakwal

Assalamu alaikum, aminina Malam Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya kasuwa? An ce albasa ta yi daraja a can, Allah ya sa da rabonka a ciki. Mu nan sai godiya. Shinkafar fadama ta fara nuna, sauro kuwa kamar aiko shi aka yi.

Ka san an saka ni cikin kwamitin kula da firamarenmu, wadda ni da kai muka goge wando a ƙasanta. To makon jiya aka tara mu, wai za a ba makarantar ɗan kuɗin gyara, mu faɗi abin da ya fi damunmu. Wallahi Sani, kuɗin ba su kai a ɗaga murya a kansu ba, amma tun bayan la'asar muke abu ɗaya har aka kira magariba.

Liman da dattawa suka ce katanga, ba su son jin wata magana. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ji yadda 'yan bindiga suka sace 'yan makaranta a Jangebe cikin Fabrairun 2021, da Birnin Yauri cikin Yunin 2021, ga kuma na Maga a Nuwamban 2025, dole gabansa ya faɗi duk safiyar da 'yarsa ta ɗauki jaka. Sai dai na ce musu, Allah ya gafarta malam, katangar bulo awaki take tarewa da masu ratsa fili da babur, ba ta tare mai bindiga. Liman ya kalle ni kamar na yi saɓo.

Hedimasta shi kwano yake so, don azuzuwa biyu iskar farkon damina ta yaye rufinsu, an haɗe yaran wuri ɗaya kamar kifi a kwando. Sai Hajiya shugabar mata, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba, ta gyara lulluɓi ta ce, ku maza kuna ta lissafin bulo, kun taɓa tambayar dalilin da 'yan matan aji biyar da shida suke daina zuwa? Babu ban ɗaki. Yarinyar da ta fara girma ba za ta zaga bayan aji maza na kallo ba. Wurin ya yi tsit. Ni kaina kunya ta kama ni, shekara nawa ina shiga makarantar nan ban lura ba.

Ni kuwa abin da ke cina malami ne. Ranar da na leƙa aji huɗu, yara cike, allo fes, babu kowa a gabansu sai monita da bulala. Na ce a ɗauko mana ko mutum ɗaya mai koyar da lissafi. Jami'in da ya zo daga ofishin ilimi ya ce kuɗin nan ba na albashi ba ne. Ya yi mana bayani, kuma gaskiya ya faɗa: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma akasarinsa gini da kujeru yake tafiya. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Ka ga kenan aljihu biyu ne, ɗaya ba ya ranta wa ɗaya.

Nan ne nake ganin gizo ke saƙar. Gini ana shafa masa fenti, a kafa allo, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, ɗan kwangila ya samu nasa. Malami fa, wa zai yanka masa kyalle? Kuma kada ka ce babu masu koyarwar. Yaran da suka gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie ga su nan, wasu na acaba, wasu na cajin waya a bakin kasuwa. Da yake gwamnanmu Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, mutane sun sa rai sosai, kuma an ji daɗin mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 da aka amince da shi a 2024. Amma ƙarin albashi na wanda ke cikin aji ne, ajin da babu kowa yana nan yadda yake.

Da aka ɗaga hannu, kwano da ban ɗaki suka ci. Katanga sai wani jiƙon. Liman har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata.

Yanzu ga roƙona. Ɗan ƙanwar hedimasta ya yarda zai riƙe lissafin aji huɗu zuwa shida in za a riƙa ba shi na sabulu duk wata. Iyaye sun yi alkawarin rabi, ka kuwa san alkawarin manomi sai kaka. Ka kai maganar gaban 'yan ƙungiyarku ta mutanen gida a taronku na gaba, ko za su ɗauki sauran rabin na shekara guda. Ni zan riƙe littafin, duk wata in turo maka hoton sa hannunsa.

Ka gaida Maman Abba da yara. Inna ta ce in tuna maka da man zafin da ka yi mata alkawari.

Naka,
Umaru