Abin da ke kifar da ƙananan jirage a mashigin Ingila da Tekun Arewa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da jirgin roba ya kife tsakanin Faransa da Ingila, kafafen labaranmu na Hausa kan rufe zancen da cewa "rashin kyawun yanayi ne ya jawo". Mai karatu sai ya ɗauka wata gagarumar guguwa ce ta taso. Alhali ƙaramin jirgi ba ya buƙatar guguwa kafin ya kife a wannan ruwa: iska matsakaiciya ta isa, idan ta haɗu da gudun ruwan da ke saɓa mata, sannan sanyin ruwan ya ƙarasa sauran. Tun da akwai 'yan Afirka cikin masu shiga waɗannan jirage, akwai kuma yaranmu da ke koyon aikin jirgin ruwa suna fatan aiki a tekunan Turai, ina roƙon ku ba ni fili in warware yadda abin yake. Ina kuma roƙon idan za ku ba da irin wannan labari ku riƙa faɗin ƙarfin iskar ranar, da inda ta fito, da sanyin ruwan.

Mashigin Dover, inda Ingila da Faransa suka fi kusa, faɗinsa kilomita 33 ne kacal. Ranar da gari ya washe ana hango fararen duwatsun Ingila daga gaɓar Faransa, kuma wannan hangen shi ne farkon yaudara. Mutumin da ya tashi a Yawuri ko gaɓar Kainji zai ce ai ya san ruwa, amma kogin Neja gefe ɗaya yake gangarawa. Teku kuwa cika yake yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25. A mashigin, ruwa kan gudu arewa maso gabas na kimanin awa shida, ya ɗan tsaya, ya juyo kudu maso yamma. Gudun yakan kai kilomita 5 a awa, kuma a Dover tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa takan kai kusan mita 6. Jirgin da injinsa ke yin kilomita 8 a awa da kaya niƙi-niƙi, ruwa na jansa gefe da kilomita 5, ba zai taɓa bin miƙaƙƙen layi ba. Tafiyar ta ninka, mai ya ƙare a tsakiya.

Wata ne ke jan wannan ruwa, don haka mai lissafin watan Musulunci yana da rabin ilimin a hannunsa. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan daren sha huɗu, cikar teku ta fi yawa, gudunsa ya fi ƙarfi. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa ruwan ya fi lafawa. Lokacin cikar kuma yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, shi ya sa matuƙa ba sa dogara da "jiya war haka ruwa ya cika", sai sun duba jadawalin tashar da suke.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Iskar da ta fi yawa a yankin daga kudu maso yamma take fitowa, mashigin kuma a miƙe yake daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, ga tudu a gefe biyu, don haka iska na matsuwa a ciki ta ƙara ƙarfi. Muddin ruwa da iska suna tafiya gefe ɗaya, raƙuman ruwa kan miƙe su yi tsawo, jirgi ya hau ya sauka lafiya. Da ruwa ya juya ya fuskanci iskar, sai raƙuman su matsu kusa da juna, su miƙe tsaye, kawunansu su riƙa karyewa. Iskar ba ta ƙaru ba, sama ba ta canza ba, amma cikin awa guda tekun ya zama wani daban. Tsayin raƙumin ruwa ba shi ne abin tsoro ba, tsayuwarsa ce. Raƙumi mai mita biyu da ke zuwa kowane daƙiƙa goma sha biyu ya fi sauƙi a kan mai mita ɗaya da ke dukan jirgi kowane daƙiƙa huɗu, domin kafin goshin jirgin ya ɗago daga na farko, na biyu ya zubo ciki. Tudun yashi da ke ƙarƙashin ruwa, irin su Goodwin da Varne da Sandettie, suna ƙara dagula lamarin, saboda inda ruwa ba shi da zurfi raƙumi dole ya tashi ya karye. Can arewa, a mashigin Pentland da ke tsakanin Sikotland da tsibiran Orkney, gudun ruwa kan wuce kilomita 20 a awa, har manyan jirage sai sun jira lokaci.

Yaudara ta biyu ita ce iskar da ke fitowa daga tudu. Idan ta taso daga kudu ko kudu maso gabas, bakin gaɓar Faransa zai kwanta luf, domin iskar ba ta sami filin da za ta tara ruwa ba tukuna. Girman raƙumi ya dogara ne da ƙarfin iska, da daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da nisan ruwan da ta ratso. Kilomita goma daga gaɓa ta sami filin. A nan ne jirgi zai ga abin da bai zata ba, kuma komawa na nufin fuskantar iskar da raƙuman gaba da gaba da injin da ba shi da ƙarfi. Duk matuƙin da ya yanke shawarar fita saboda abin da idonsa ya gani a bakin gaɓa, bai san aikinsa ba.

Abin da ake dubawa shi ne hasashen yanayin teku. Ingila ta fara gargaɗin guguwa a 1861 a hannun Robert FitzRoy, shugaban sashen yanayi na lokacin, bayan guguwar 1859 da ta farfasa jirgin Royal Charter a gaɓar Wales, mutum fiye da 400 suka mutu. Har yau ofishin yanayi na ƙasar yana fitar da hasashen ruwan da ya kewaye ta, an raba shi yanki 31, kowane da sunansa: Dover, Thames, Humber, Dogger, Wight da sauransu. BBC na karanta shi a rediyo, masu tsaron gaɓa na maimaita shi ta oba-oba bayan sun yi shela a tasha ta 16, manyan jirage kuma na karɓarsa a rubuce ta na'urar Navtex. Kowace kalma a cikinsa tana da ma'auninta, ba adon magana ba ce.

Ana faɗin ƙarfin iska da ma'aunin Beaufort, daga 0 zuwa 12. Mataki na 4 shi ne kilomita 20 zuwa 28 a awa, a nan ake fara ganin fararen kawuna jefi-jefi a kan ruwa. Na 5, kilomita 29 zuwa 38, fararen sun yawaita, feshi na shigowa jirgi. Na 6, kilomita 39 zuwa 49, masu ƙananan jiragen shaƙatawa ma da ke da cikakken kayan aiki a nan suke komawa tasha. Sai a mataki na 8, daga kilomita 62, ake kiranta guguwa a hukumance. Buɗaɗɗen jirgin roba da aka cika da mutane tun daga na 4 ya shiga uku, wato ana iya rasa rayuka ranar da ba a fitar da gargaɗin guguwa ko ɗaya ba. A lura da abu biyu. Lambar da ake faɗa matsakaicin gudun iskar ce, bugun da take yi lokaci-lokaci yakan fi haka da kusan kashi 40 cikin 100. Sannan idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninki huɗu yake yi.

Haka abin yake ga tsayin raƙuman ruwa. Idan an ce teku "matsakaici", ana nufin mita 1.25 zuwa 2.5, wanda ya riga ya fi ƙarfin jirgin da bakinsa bai fi kamu biyu daga ruwa ba. Wannan adadi kuma matsakaicin kashi ɗaya cikin uku ne na raƙuman da suka fi tsayi. Cikin 'yan awoyi za a sami guda da ya kusa ninka shi, kuma guda ɗin ya wadatar. Gargaɗin guguwa shi ma da lokacinsa: akwai mai nufin cikin awa 6, akwai tsakanin awa 6 da 12, akwai bayan awa 12.

Wanda ke da na'urar auna nauyin iska a jirgi, ya riƙa rubuta lambarta kowace awa, domin saurin faɗuwarta ya fi lambar kanta amfani. Faɗuwar da ta wuce maki 3 (wato miliba, ma'aunin nauyin iska) cikin awa uku alamar iska ce mai ƙarfi, wadda ta wuce maki 6 kuwa a nemi tasha tun da wuri. Guguwar waɗannan tekuna daga Atilantika take shigowa, kuma tana da tsari. Da farko siraran gajimare can sama, rana ko wata ya yi kewaye, iska ta koma kudu. Sai gajimare ya sauko, ruwan sama mara ƙarfi ya daɗe yana zuba, iska ta koma kudu maso yamma. Daga baya ruwa mai ƙarfi ya sauko na ɗan lokaci, iska ta juya arewa maso yamma farat ɗaya, sama ta washe. Baƙo zai ce an gama. Ba a gama ba: bugun iska ya fi tsanani a wannan lokaci, sababbin raƙuma daga arewa maso yamma na karo da tsofaffin da ke zuwa daga kudu maso yamma, jirgi ya rasa inda zai sa goshi. Ko bayan iskar ta kwanta, tekun kan kwana yana tashi.

Kwanciyar iska ma ba lafiya ba ce koyaushe. A bazararsu da farkon lokacin zafi, iska mai ɗumi da laima kan ratsa saman ruwan sanyi ta zama hazo mai kauri, wanda fitowar rana ba ta kore shi. Ganin da bai kai mita 1,000 ba shi ne mafi muni a ma'aunin masu hasashen. Ga shi jirage fiye da 400 ke ratsa mashigin kowace rana a kan hanyoyin da aka shata musu. Jirgin dakon kwantena ba ya tsayawa sai ya yi kilomitoci, jirgin roba kuma da ƙyar yake fitowa a na'urar hango jirage. Ko babban jirgin bai taɓa shi ba, ruwan da ya bari a bayansa na iya cika shi.

Yadda jirgin roba ke lalacewa ma sananne ne. Nauyi ya sa tsakiyarsa ta lanƙwashe a kan kowane raƙumi har ɗinkin ƙasan ya buɗe, ko katakon baya da ke riƙe inji ya rabu da robar. Ruwa ya shigo, mutane su ruga gefe ɗaya, gefen ya nutse. Fetur da ya zube ya gauraya da ruwan gishiri a ƙasan jirgi yana saɓule fata kamar ƙuna, kuma waɗanda aka zaunar a tsakiya, galibi mata da yara, su ne ke zaune a cikinsa. A ranar 24 ga Nuwamba 2021, aƙalla mutum 27 suka mutu a jirgi guda irin wannan a kusa da garin Calais na Faransa.

Sanyin ruwan ne mutanenmu suka fi rainawa. A ƙarshen hunturu ruwan mashigin kan sauka zuwa digiri 7 ko 8, a tsakiyar zafi ma da ƙyar yake kai 18, kuma ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Ƙasa da digiri 15, da mutum ya faɗa, jiki kan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba. Idan kansa na cikin ruwa a lokacin, shi ke nan. Wannan firgita kan ɗauki minti ɗaya zuwa uku, kuma abin yi a cikinta shi ne a kwanta rigingine a bar numfashi ya daidaita, kada a fara iyo. Bayan kamar minti goma yatsu da hannuwa sun daina aiki, gwanin iyo ma ba zai iya riƙe igiyar da aka jefa masa ba. Saboda haka duk abin da ke buƙatar yatsu, ɗaure kai a jikin jirgi ko hura usur ko kiran ceto, a yi shi a waɗannan mintuna. Rigar kariya ta gaske, mai ƙarfin niyuton 150 (ma'aunin ƙarfin riƙe mutum a saman ruwa), tana juya mutum fuska sama ko ya suma, amma sai an ɗaure maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, in ba haka ba ta zame ta kai. Mai niyuton 50 ta wasan ruwa ce a kusa da gaɓa. Idan jirgi ya kife bai nutse ba, a hau bayansa a fitar da jiki daga ruwa gwargwadon hali, kada a bar shi a nufi gaɓa da iyo. Kiran ceto ta oba-oba tasha ta 16 ne. Ta waya 112, ko 196 a ɓangaren Faransa, ko 999 a na Ingila.

Wanda aka tsamo kuma a ɗago shi a kwance, domin tsayar da shi na iya sa jini ya sauka ƙafafu zuciya ta tsaya. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kai, a bar jikin ya ɗumama a hankali. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a kai shi bakin wuta, ba a sa shi tafiya. Idan yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Wanda ya shaƙi ruwan teku, ko ya ce ya warke, sai likita ya duba huhunsa, saboda numfashi na iya sarƙewa bayan awoyi.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku, ma'aikacin jirgin ruwa