Filin mahaifinki da labarin wata Baturiya mai taurin kai

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyin Lids, ya maigidan naki? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Saƙonki ya iso, na kwana biyu ina juya shi kafin in ɗauki biro, don maganar fili ta fi ƙarfin waya.

Kin ce yana so ki sayar da filin da kika gada wurin mahaifinki, Allah ya jiƙansa, a zuba kuɗin a kasuwancinsa. Ban zarge shi da mugun nufi ba, yaron kirki ne. Amma kin san halin tsohuwar malamar tarihi, ba ta iya ba da shawara sai ta tono matattu. Ki yi haƙuri da ni.

A Ingila, ƙasar nan da kike zaune, shekara 400 da suka wuce, da zarar an ɗaura wa mace aure doka ta daina ganinta. Ita da miji sun zama mutum guda, mutumin nan kuwa mijin ne. Ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, ba ta kai ƙara ita kaɗai, ko wasiyya sai da izininsa. 'Yar talaka kan bar gidan iyayenta tun tana budurwa ta shiga aikatau, ana ɗaukarta shekara-shekara. Ita ce tatsar shanu, ita ce kaɗa mai da yin cuku, da dare kuma ta zauna kaɗin zaren ulu. Galibi ba ta aure sai ta kai wajen shekara 25, don sai ta tara abin kafa gida. Ranar biki kuwa, kuɗin nan da tukwanenta da 'yar saniyarta duk sun zama na ango. In ta cika faɗa a unguwa, a ɗaure ta a kujera a tsoma ta a kogi, wasu garuruwan ma linzamin ƙarfe ake sa mata a baki kamar doki. Wani ikon Allah, mace ce ke kan gadon sarauta daga 1558 zuwa 1603, Sarauniya Elizabet, ita kuwa har ta mutu ba ta yarda an ɗaura mata aure ba.

Amma akwai wata kafa a dokar, kuma saboda ita nake miki wannan dogon rubutu. Kuɗi da kayan ɗaki na miji ne kai tsaye. Ƙasa kuwa, yana cin amfaninta, amma ba ya iya rabuwa da ita sai matar ta yarda.

Wata 'yar sarauta, Anne Clifford, tana da shekara 15 mahaifinta ya rasu a 1605. Ita kaɗai ta rage masa, amma ya yi wasiyya ƙasashensa da ke arewacin Ingila su tafi wurin ƙanensa, ita a ba ta kuɗi. Uwarta ce ta tashi tsaye, ta bi ta tattara tsofaffin takardun gidan har ta nuna cewa bisa asali 'ya mace na iya gadon wannan ƙasa. Anne ta yi aure a 1609. Mijin ɗan caca ne, bashi ya yi masa katutu, burinsa ta sa hannu ta yafe ƙasar a biya diyya, don ya san diyyar aljihunsa za ta faɗa. Ya lallashe ta, ya yi fushi, har ya taɓa raba ta da 'yarta ƙarama. A 1617 aka kai ta gaban Sarki Jems da kansa, ta ce ba za ta saki ba muddin tana numfashi.

Kada in yi miki ƙarya, ba ta ci shari'ar ba. Sarki ya yanke hukunci, mijin ya karɓi kuɗi. Abin da ya cece ta shi ne a 1643 ɗan baffanta ya rasu bai bar ɗa namiji ba, ƙasar ta dawo hannunta bayan shekara 38. Ta koma arewa tana kusan 60, ta gyara fadojin kakanninta da suka lalace, ta gina wa zawarawa marasa galihu gida a garin Appleby. Har ginshiƙi ta kafa a wurin da suka yi sallamar ƙarshe da uwarta. Kuɗin da mijin ya karɓa fa? Da ya mutu a 1624, bashi ya bari.

Matan Ingila sai a 1882 doka ta sakar musu dukiyarsu gaba ɗaya bayan aure. Ke kuwa addininki ya ba ki wannan tun fil azal: gadonki naki ne, sadakinki naki ne, miji ba shi da ko kwabo sai abin da kika ba shi da daɗin rai. Abin da nake tsoro shi ne kunya da soyayya su ƙwace miki abin da shari'a ba ta ƙwace ba. Fili yana da takarda, takarda tana da sunanki. Ranar da ya zama kuɗi ya shiga asusun shago, babu mai iya nuna naki a ciki, ko shi kansa.

In kina son taimakonsa, kuma ya kamata ki so, ki ba shi rance daga albashinki, a rubuta, da shaidu biyu. Ko ki shiga a matsayin abokiyar kasuwanci, a rubuta kasonki. In ya ji haushin rubutun, ki tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ki faɗa masa da taushin murya, bayan ya ci abinci, kuma kada ki ce ni na sa ki.

Fadar Skipton, inda aka haifi Anne ɗin nan, ba ta kai awa guda a jirgin ƙasa daga wurinku ba. A tsakar gidan akwai bishiyar da ta dasa a 1659, har yau tana tsaye. Ku je tare wata Asabar, ki turo min hoto.

Takardun filin suna cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan kakarki. Ƙannenki na gaishe ki. Ki gaida min shi da kyau.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki