Rahoton shekara na ƙungiyarmu ta masu jinyar ƙari a ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mitin ɗin wata-wata duk mun yi su, fuskokin nan da kuka sani dai su ne ke zuwa.

Abin da ya fi faranta min rai bana shi ne taron 8 ga Yuni, ranar masu ƙarin ƙwaƙwalwa ta duniya, wallahi wanda bai zo ba ya yi asara. Likitan tiyatar da muka gayyato bai tsaya dogon turanci ba, bidiyo ya kunna mana. Mun ga yadda ake ba mara lafiya maganin 5-ALA ya sha awanni kaɗan kafin a shiga da shi ɗakin tiyata, idan an buɗe kai aka haska shuɗiyar fitila sai ƙarin ya riƙa ƙyalli ja-ja, lafiyayyen wurin kuma ba ya yi, to likita na ganin inda zai cire da inda zai tsaya. Turai ta amince da maganin tun 2007, Amurka sai 2017. Sai tiyatar da ake yi mutum na farke, ana nuna masa hotuna yana faɗin sunayensu, da harshensa ya sarƙe sai likita ya kauce wa wurin don kar magana ta tafi. Ɗakin ya yi tsit. Wata uwa da ke kusa da ni, wadda ta daɗe tana tsoron sa hannu a yi wa ɗanta aiki, ita ta fi kowa tambaya ranar.

Kuma bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ba kowane ƙari ne ciwon daji (kansa) ba, meningioma, wato ƙarin da ke fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yawanci ba kansa ba ce, na pituitary ma, wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa, yawanci ta hanci ake cirewa. Amma glioblastoma, kansar ƙwaƙwalwa mai saurin girma, har yanzu da sauran aiki, binciken 2005 da ya haɗa gashin ƙari da haske (radiotherapy) da maganin kansa temozolomide daga kusan wata 12 ya kai matsakaicin rayuwa kusan wata 15 ne kawai.

To maganar ɗan littafin da muka yi alkawarin bugawa da Hausa, na san ana ta ƙorafi. Ba sakaci muka yi ba. Rubutun yana hannunmu, likita ya duba, har mun gyara babi guda saboda sabon maganin ƙarin ƙwaƙwalwa vorasidenib da Amurka ta amince da shi a 2024, kuɗin bugawa ne babu. Asusun taimakon hoton MRI shi ma haka ya tsaya, iyalai sun zo mun ba su haƙuri, abin ya min ciwo sosai.

Ni da ma'aji mun gaji da bin mutane kuɗin wata, a kira a ƙi ɗauka, a tura saƙo a karanta a yi shiru, amma ranar da mutum ke neman a haɗa shi da likita tun asuba zai kira. Wanda jinya ta cinye shi ba da shi nake ba, ya faɗa mana kawai mu sani. Sauran don Allah a biya kafin mitin na gaba, mai bugawa mu yake jira.

Sakatare