Yawan Masu Leƙa Shafi Ba Shi Ne Ciniki Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarku domin jan hankalin 'yan kasuwarmu na Bauchi, daga Wunti har Babbar Kasuwa, musamman masu atamfa da shadda da turaren wuta da suka biya aka buɗe musu shafin intanet, suna kuma zuba kuɗi a tallar Facebook da Instagram. Sai ka ji Alhaji yana cewa jiya mutum dubu suka shiga shafinsa, a ƙara kuɗin talla. Nawa ne suka yi magana a cikin dubun? Nawa suka tura kuɗi? Shiru.

Kayan aikin gano amsar kyauta ne: Google Analytics 4, mai ƙirga masu shiga shafi da abin da suka yi a ciki, da Google Search Console, mai nuna yadda shafi ke fitowa a binciken Google. A fara duba lambar Analytics da aka saka a shafi. Idan da UA ta fara, ta tsohon tsari ce, wanda ya daina tattara bayanai tun 1 ga Yuli, 2023. Ta yanzu da G take farawa. Asusun kuma ya zama da imel ɗin mai shago, ba na yaron da ya gina shafin ba, domin ranar da aka ɓata, alƙaluman sun bi shi. A shiga saiti a ɗaga wa'adin ajiyar bayanai daga wata 2 zuwa wata 14.

Cinikinmu a WhatsApp yake ƙarewa, da tiransifa, Analytics kuwa ba ya ganin alat ɗin banki. Saboda haka abin ƙirgawa shi ne danna maɓallin WhatsApp ko na kiran waya. A sa mai gina shafi ya yi wa wannan dannawa alamar muhimmin aiki (key event) a cikin Analytics. A kuma haɗa maɓallin kowane kaya da rubutun da zai fito da kansa, kamar "Salam, na ga shadda mai lamba 12 a shafinku". Da haka yaron shago zai rubuta a littafi cewa wannan ciniki daga shafi ya zo.

Inda aka fi yin asara shi ne rashin sanin ta wace ƙofa mutum ya shigo. Wanda ya danna adireshin shafi daga sitatus ko zauren WhatsApp, galibi Analytics yana jefa shi ƙarƙashin "Direct", tamkar da hannu ya rubuta adireshin. Mai shago ya duba ya ga WhatsApp ba ya kawo kowa, ya kwashe kuɗi ya kai Facebook, alhali masu sayen daga sitatus ɗin uwargida suke zuwa. Maganin shi ne a liƙa wa kowane adireshi alamar UTM, wato ɗan rubutu a ƙarshen adireshi mai nuna inda baƙo ya fito, kafin a raba shi. Campaign URL Builder na Google yana haɗawa cikin minti ɗaya: a gurbin utm_source a sa whatsapp, a utm_medium a sa sitatus, a utm_campaign a sa sallah. Na Facebook daban, na mai barkwancin TikTok da aka biya ya tallata kaya daban. A riƙe ƙananan haruffa kullum, domin Facebook da facebook layi biyu za su fito.

A ce an kashe N20,000 a Facebook, mutum 900 suka shigo, 9 suka danna WhatsApp. An ba mai TikTok N20,000, mutum 200 suka shigo, 30 suka danna. Kowane mai magana ya tsaya a kan fiye da N2,200 a na farko, ƙasa da N700 a na biyu. Wanda ke kallon yawan baƙi zai ce na farko ne ya yi kasuwa.

Rahoton garuruwa kuma a yi hattara da shi. Daga adireshin IP, wato lambar da kamfanin layi ke ba waya a intanet, ake hasashensa, layukan waya kuwa sukan nuna mutumin Azare ko Misau a Legas ko Abuja. Kada a karkatar da talla zuwa Legas saboda wannan kaɗai. A duba littafin waybil na tasha tukuna.

Analytics yana ɗaukar mutum ya tsaya idan ya wuce daƙiƙa 10, ko ya buɗe shafi biyu, ko ya yi muhimmin aiki. In mafi yawan masu zuwa ba sa kai haka, sau da yawa laifin hoto ne. An ɗauki leshi da waya, hoto ɗaya megabait 5, an loda ashirin a shafi guda. Hajiya tana ganin data tana zuba ga fari fat a fuskar waya, sai ta fita. A matse kowane hoto ya dawo ƙasa da kilobait 200, a gwada saurin shafin da PageSpeed Insights na Google. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Search Console yana nuna kalmomin da aka rubuta a Google har shafinka ya fito, kuma yana riƙe na wata 16. In ana neman "farashin kayan lefe" shafinka ba farashi, ka san gyaran. Wajen kwatanta bana da bara, a bi kwanakin azumi, ba watan Bature ba, tunda Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara.

Kada a yanke hukunci da baƙi talatin, wataƙila rabinsu ma mai shagon ne da yaransa. A canza abu ɗaya, a jira mako biyu, sannan a taɓa wani. Sunan abokin ciniki da lambar wayarsa kuwa ba a tura su cikin Analytics; Google ya hana, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke sa ido a kanta.

Wassalam.

Daga wasu masu gina shafukan intanet,
Unguwar Yelwa, Bauchi.