Kafin a fasa bango a tsohon gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana kan gyaran tsofaffin gidaje, na bulo ne, na ƙasa, na dutse ko ƙananan gidajen katako. Mu magina ne da kafintoci, kuma abin da ya sa muka rubuto shi ne yadda ake yawan fara gyara ta ƙarshensa. An zaɓi tayil, an zaɓi fenti, an ƙudurta haɗe ɗaki biyu su zama falo, alhali ba wanda ya hau ya duba rufi. A tsohon gida abu biyu ne ke nuna inda kowane ɗaki zai zauna: inda nauyi ke sauka, da inda ruwa ke bi. Sha'awar mai gida sai ta biyo bayansu.

A fara da awo. Tsawo, faɗi, tsayin silin da kaurin kowane bango, sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ɓangarori biyu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ɗakin a karkace yake, kuma da wuya a sami tsohon ɗakin da ba haka yake ba. Shi ya sa kabad ɗin da aka ƙera a shago yake ƙin zama a lungu. A zana gidan a takarda, santimita 2 a madadin mita 1, a yanka 'yan takardu daidai girman gado da kujeru da firji, a riƙa matsar da su a kan zanen har kowanne ya sami wuri.

Sai maganar nauyi, wadda a nan ne ake rasa ido garin neman gira. A leƙa cikin silin a ga ta ina katakan da ke riƙe da rufi ko bene suka miƙe. Duk bangon da suka gitta ta kansa, ko bakinsu ya kwanta a kai, yana ɗauke da kaya. Haka ma wanda wani bango ke zaune daidai a samansa. Kada a yaudaru da sirantaka. Bangon da aka yi don raba ɗaki kawai yakan koma ɗaukar kaya bayan shekaru, idan katakon sama ya lanƙwasa ya kwanta masa. A ginin ƙasa da na dutse kuma, bangon tsakiya shi ne ke riƙe na waje kada ya buɗe. Ana cire shi, bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga na wajen ya fara kumburowa ta waje.

In dai dole sai an buɗe, injiniya ne zai lissafa girman bim ko linta, wato gungumen kankare, ƙarfe ko katako da ake gittawa a saman buɗin don ya ɗauki nauyi, ba a yin wannan da ido. A tokare abin da ke saman bangon da sandunan ƙarfe ta ɓangarori biyu, kowane ƙarfe a kan katako mai kauri don kada ya nutse a daɓe. A fasa gurbin linta kaɗai, a saka ta, kowane baki ya hau lafiyayyen bango da aƙalla santimita 15, a ginin ƙasa kuwa ninki biyu ko fiye. A cike giɓin da ke samanta tam. Sai ta kama sannan a rushe ƙasanta, tokara kuma ita ce ta ƙarshen fita. Wanda ya zuba kankare a wurin ya tuna cewa ƙarfin da ake lissafi da shi na kwana 28 ne. Kuma kada a buɗe ƙofa ko taga dab da kusurwar ginin ƙasa, a bar kamar mita ɗaya.

Tsaga ma a karanta ta kafin a toshe. Siririya kamar gashi, galibi ta filasta ce. Wadda ta wuce milimita 5, ko take hawa kamar matakala tana bin layin bulo, ko ta fi faɗi a sama, tana iya nuna tushe ya motsa. A sa alamar fensir a bakinta, a rubuta kwanan wata, a riƙa aunawa duk wata. In tana ƙaruwa, ba filasta take bukata ba.

Ruwa kuwa daga waje ake fara neman sa. Yawancin danshin da ake ɗora wa tushe laifi daga indararo ne da ya toshe, ko ƙasar waje da aka yi ta cikewa har ta haura daɓen ciki. Ƙasar waje ta kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓe, ta kuma gangara nesa da bango kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Babban kuskuren da muke gani shi ne shafa siminti a bangon ƙasa ko na tsohon dutse da aka gina da kwaɓin farar ƙasa. Irin wannan bango yana shan danshi yana fitarwa. Siminti yana kulle danshin a ciki, ya yi ta hawa sama, bangon ya ruɓe a ɓoye yayin da fuskarsa take sumul. In ka ƙwanƙwasa da ƙotar guduma ka ji yana amsawa kamar fanko, filastar ta riga ta rabu da jiki. A shafe irin wannan bango da abin da aka gina shi da shi, ko da farar ƙasar gini kashi 1 da yashi kashi 3. Bayan an tsayar da ruwan a ba bango lokaci, domin mai kauri yakan ɗauki watanni kafin ya bushe, fentin da aka yi cikin gaggawa kuma kumbura zai yi ya bare.

Ruwan da ke fita shi ne zai ce ga inda kicin da banɗaki za su zauna. Bututun ƙazanta yana son gangare na kimanin santimita 2 a kowace mita. Wanda ya matsar da banɗaki mita 6 daga inda yake, yana bukatar santimita 12 na gangare ban da kaurin bututun kansa, to ko dai a fasa daɓe ko a ɗaga shi. Ya fi sauƙi a jera kicin da banɗaki da wurin wanki a jikin bango ɗaya, su yi tarayya a layi ɗaya. In benen katako ne, ba a sare katakon daga ƙasa don bututu ya wuce. Ana huda shi a tsakiyar kaurinsa, hudar kada ta wuce rubu'in kaurin.

Daga nan tsarin ɗakuna ba shi da wuya. Hanyar wucewa kada ta gaza santimita 90, ƙofa 80 zuwa 90. Gefen gado a bar 60 zuwa 75. Teburin kicin tsayinsa 90, zurfinsa 60, a gabansa a bar mita 1, ko mita 1.2 in mutum biyu za su yi aiki tare. Tagogi su kai kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗakin, in da hali a bango biyu don iska ta ratsa. Tsofaffin gidaje suna da ɗabi'ar sai an ratsa ɗaki kafin a shiga wani. Sau da yawa matsar da ƙofa ɗaya zuwa gefe yana magance abin da mai gida yake zaton sai an rushe bango.

Gidan katako nasa ciwon a ƙasa yake. A ɗauki sukudireba a soki katakon da ya fi kusa da ƙasa, da ƙarƙashin tagogi, da inda baranda ta haɗu da jikin gida. In ya nutse cikin sauƙi, ruɓa ce ko gara. Katako yana fara ruɓewa idan danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari, saboda haka a ɗaga shi daga ƙasa da santimita 20, iska ta riƙa wucewa a ƙarƙashin daɓe, bakin rufi kuma ya fito sosai. In gidan ya zauna ta gefe ɗaya, a ɗaga shi da jak a hankali, 'yan milimita a rana. Wanda ya ɗaga shi lokaci ɗaya zai fasa gilashi, ƙofofi su ƙi rufuwa. Murhun itace kuma kada ya kusanci bangon katako marar kariya da ƙasa da santimita 90, a kuma rataya na'urar da ke ƙara idan iskar gawayi mai guba ta taru. Da yake wuri ƙarami ne, gado mai aljihu a ƙasa da ƙofa mai zamewa sun fi ƙarin ɗaki amfani.

Abu biyu ba a taɓa su da garaje. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, Amurka ta hana shi a gidaje tun 1978, amma yana nan a ƙarƙashin sabon shafi a ƙasashe da dama. Ba a goge shi a bushe, musamman inda yara suke. Sai tsohon silin da kwanon rufi na asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake cuɗawa a kayan gini, wanda Birtaniya ta haramta gaba ɗaya a 1999. Muddin bai fashe ba haɗarinsa kaɗan ne, ƙurarsa ce ke lahanta huhu, don haka ba huda, ba yanka, ba fasawa. Wayar wuta ma in robarta tana ɓarɓashi a hannu, a sauya ta duka, a sa wayar ƙasa da makatsin wuta mai faɗuwa a miliamfiya 30.

Jerin aikin shi ne rufi, sannan tushe da bango, sannan danshi, sannan bututu da waya, sai filasta, daɓe, fenti a ƙarshe. Kafin a rufe bango a ɗauki hoton inda kowane bututu da waya suka bi, da tef a jiki don a ga awon. A kasafi kuma a ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari don abin da zai bayyana bayan an ɓare filasta.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wasu magina da kafintoci