Na Yi Sallah a Kan Tsani

Kolombos, Jihar Ohayo, Amurka
Juma'a, 10 ga Zulhajji 1446, 6 ga Yuni 2025

Zuwa ga Baba da Inna da duk mutanen gida,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana. Da fatan an sauko idi lafiya, ruwan Jos bai kore ku daga fili ba kamar yadda ya saba.

Ƙarfe tara na dare ta gota a nan, amma yanzun nan wayata ta kira magariba. Wayar ce ladaninmu. Ku kuwa biyun dare ta yi, na san kowa ya kwanta da warin hayaƙi a jikinsa. Na kira da rana layi ya yi ta yankewa, abin da na ji kawai muryar Inna tana cewa a miƙo mata babban tire, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Auta ya karanta muku a hankali, kuma kada ya tsallake inda na yi maganarsa.

Mun yi idi da sassafe a wani babban zaure da aka yi haya. Yawancin jama'ar 'yan Somaliya ne, don suna da yawa a garin nan, sai 'yan Senigal da Gini da mu tsiraru. Na sa shaddar da Inna ta aiko, har wani dattijo ya tsayar da ni yana shafa aikin wuyan. Awa ɗaya ta yi a jikina. A cikin mota na tuɓe ta na sa kayan aiki, don a nan yau ranar aiki ce kamar kowace, ko kare bai san ana Sallah ba. Oga ya ba ni awa biyu, Allah Ya saka masa. Baba kada ku tambaye ni Juma'a. Limamin ya ce wanda ya yi idi yana da rangwame, na san malamanmu na Malikiyya ba haka suka tafi ba, amma azahar na yi a kan ciyawa a bayan mota.

Kwana huɗu ke nan muna aiki a wani tsohon gida na wata dattijuwar Baturiya, an ce ya doshi shekara ɗari. Katako ne daga ƙasa har sama, kamar yawancin gidajensu, abin da har yau na kasa sabawa da shi. Silin waje muke canzawa, wato wanda ke rufe ƙarƙashin bakin rufi, tsakanin bango da fesiya bod, allon nan na fuskar bakin rufi. Su sofit suke ce masa. Na da ɗin falanki ne, ganye ya toshe indararo shekara da shekaru, ruwa ya riƙa komawa baya yana jiƙa shi har ya zama kamar burodin da ya faɗa shayi. Da na ɓamɓaro na farko, ku zo ku ga abin da ya zubo mini a ka: sheƙar tsuntsu, tarkacen da kurege ya tara, da gidan rina. Biyu sun same ni a wuya. Akwai kuma wata dabba da ta haihu a ciki, rakun, girman muzuru, fuskarta kamar ta sa baƙin tabarau. Sai da aka kira masu kama ta, su ma sana'arsu ce guda.

Ba a fara ɓamɓara haka kawai. Duk gidan da aka gina kafin 1978 sai a ɗauka fentinsa na da dalma, don a shekarar aka hana fentin dalma a gidajen Amurka. Aka gwada, aka samu. Sai muka shimfiɗa leda a ƙasa, muka sa takunkumi, ɓawon fentin ma a buhu aka ɗaure shi. Abokan aikina suna ƙorafin ɓata lokaci, ni dai ban ce uffan ba, don ban manta yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba.

Bayan an buɗe sai a bi bakin kowace rafta ana soka mata sukudireba. Wadda ya nutse a cikinta ta ruɓe, a yanke ruɓaɓɓen a haɗa mata sabon katako a gefe. Tsohon gida kuma ba shi da miƙaƙƙen layi ko ɗaya, ya zauna ta nan ya ɗaga ta can kamar tsoho a tabarma. Dole a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa cusa siraran katako har ƙasan ya daidaita, a kafa dogon katako a jikin bango, a sa na tsakiya yadda tazararsu ba za ta wuce inci 24 ba. Wannan ya ci mana kwana biyu cur, kuma in an gama ba wanda zai gan shi.

Allon da muke sawa faiba siminti ne, ma'aikata kuma Hardie suke ce masa da sunan kamfanin da ya fi shahara da shi. Siminti ne da lallausan yashi da zaren itace irin wanda ake takarda da shi, aka kwaɓa aka matse. Kaurinsa kwatan inci, tsawonsa ƙafa 12, faɗi kuwa akwai inci 12 da 16. Gara ba ta cin sa, wuta ba ta kama shi, ba ya ruɓewa. Amma ga nauyi ga saurin fushi. A tsaye ake ɗaukar sa ta gefe, mutum biyu. Yau da na dawo daga idi, hankalina na unguwarmu Gangare, na ɗauko ɗaya a kwance ni kaɗai kamar faifai, ya lanƙwasa ya ce ƙas a tsakiya. Oga ya kalle ni, ya kalli allon, ya ce yau dai bikinku ne, ya wuce.

Wurin yanka ake taka-tsantsan. Yashin da ke ciki in zarto ya niƙa shi yana zama ƙura mai laushi da ke maƙalewa a huhu, irin ciwon da ke kama masu fasa dutse, kuma ba ya warkewa. Don haka a waje ake yanka, da almakashin lantarki da ke cizon sa ba ƙura, ko a tsaga shi da wuƙa a karya. In ta kama sai zarto, to da injin zuƙe ƙura a jikinsa. Duk bakin da aka yanka a shafa masa fenti kafin ya hau. Ƙusa kuma sai wadda ba ta tsatsa, a ba ta kamar santimita ɗaya daga baki, inci 2 daga kusurwa, kanta ya kwanta daidai da fuskar allon. Ta nutse ciki, ta fasa, ba ta riƙe komai ba. Da bindigar ƙusa muke yi, kai a ɗage, hannu a sama, wuni guda. Wuyana yanzu ko waiwaye ba ya yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne wasu allunan da 'yan ƙananan huji suke zuwa, jere reras, a juya hujin ta wajen bakin rufi. Iska ta shiga ta nan, ta bi ƙarƙashin rufin ta fita ta tsororuwa, ta kwashe zafi da laima. Tsuntsu da jemage ba sa iya shiga. A nan in rufi bai numfasa ba, lokacin sanyi tururin cikin gida ya taru ya jiƙa katako, dusar ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa a bakin rufi, ruwa ya koma ciki.

Da sha biyu ta yi aka ce a sauko a ci abinci, sai a lokacin na tuna ban sa komai a bakina ba tun asuba. Ba mantuwa ba ce. Cikina ne ke jiran hanta. Shekara nawa ban taɓa karyawa ran Babbar Sallah da wani abu ba sai hantar layya, ashe jiki ya riƙe. Na zauna a matakalar tsani ina ganin komai kamar a gabana. Baba ya yanka yana wanke wuƙa. Kawu ya durƙusa yana fiɗa yana faɗa da yaran da suka riƙe ƙafa ba daidai ba. Ana ciro hantar tana tururi, Yaya ya yanka ta ƙanana, ya naɗe kowace da farin kitsen nan mai kama da raga, ya jera a tsinke. Kitsen na ɗiga a garwashi, wuta na tashi, Inna na ihu daga madafa kada a ƙona. Sannan yajinta, na ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari, wanda take dakawa tun saura mako ta ɓoye a gwangwanin madara saman kwaba, kowa ya san inda yake kowa na yi kamar bai sani ba. Baba ya ɗauki ta farko da bismilla, ta biyu ta Inna ce, sauran kuwa wawa. Har yau akwai tabon a yatsana na shekarar da na cafke tsinke da wutarsa don kada Yaya ya riga ni.

Burodi da man gyaɗa na ci.

Kada ku ce babu hanta a Amurka. Akwai a shagon halal, a daskare cikin leda, ba wanda ya san ragon balle ranar da ya mutu. Bara na sayo na ce in gasa a ɗaki, sai na'urar hayaƙin da ke manne a silin ta kama kururuwa, maƙwabta suka fito, na tsaya da cokali ina ba da haƙuri. Yanka a tsakar gida kuwa ba a ma fara ba, sai dai a tafi gona mai nisa a bi layi. Ko ƙaurin babbaka ban shaƙa ba yau, ni da nake toshe hanci in ana yi.

To Baba, ga abin da ya tsaya mini a rai ina kan tsanin nan. Ina gyara bakin rufin wata ina tuna namu. Raftar nan ta bakin baranda da ake rataye rago ya kwana, wadda Kaka ya kafa wa ƙugiya tun zamanin aikin kuza, na san a daren nan ma a nan yake lilo. Silin wajen da ke gefenta ya fashe tun ƙanƙarar da aka yi kafin in taho, ta nan jemagu ke shiga suna yi wa Inna fitsari a ɗaki. Na ce zan gyara, na ce zan gyara, har jirgi ya tashi.

Ina roƙo kada a bar kafinta ya taɓa shi da zarto ko guduma. Irin tsohon silin nan mai ruwan toka da muke kira asbesto, kakan wannan da nake sawa ne. Wani mutumin Ostiriya, Ludwig Hatschek, ya ƙirƙiro shi wajen 1900 da siminti da zaren asbesto, sai a shekarun 1980 aka fara maye zaren da na itace, bayan an tabbatar yana jawo ciwon dajin huhu. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Fasa shi ne ke sakin zaren, kuma ciwon sai bayan shekara ashirin ko talatin yake fitowa. A jiƙa shi sharkaf, a zare ƙusoshin, a sauke shi ɗungurungum, a naɗe a leda, mai aikin da takunkumi na ƙwarai. Kada a share wurin da busasshiyar tsintsiya, kada yara su ɗauki gutsuren suna zane a ƙasa kamar yadda muka yi, kada kuma Goggo ta ce za ta rufe akurkin kaji da shi, don na san ta.

Zan turo kuɗi ƙarshen wata, amma a bari ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba. Yaya ya je Kasuwar Katako ya zaɓo busasshen katako da idonsa, a shafa masa maganin gara. Allon a tabbatar an rubuta babu asbesto a jikinsa. Na san za a ce silin roba ya fi araha kuma shi ake yayi, to amma a ƙarƙashin wurin nan ake hura wutar suya duk shekara, roba kuwa ba ta shiri da wuta. In ba a sami mai huji ba, a bar 'yan tagogi a sa musu raga. Ƙugiyar Kaka dai a bar ta inda take, a yanke allon ya zagaye ta.

A gaishe mini da Hajiya Babba da kyau da kyau. A ce mata mijinta na Amurka yana nan bai yi mata kishiya ba, maganin ƙafar da na aiko shafawa ake yi ba ajiya ba, kuma goron Sallarta na hannun Yaya, ta ƙirga a gabansa. Ina gaida Kawu da iyalinsa, da Baffa na Bukur, da Goggo, Allah Ya ƙara mata sauƙi. Yaya da matarsa, da 'yan biyu da ban taɓa ɗauka ba, a turo mini hotonsu da kayan Sallah, wanda fuska ta fito, ba irin na bara ba. 'Yar'uwata ta Rikkos, na ji saƙonki, ki ƙara haƙuri, zan kira ki ke kaɗai. Malam Liman, Mai Unguwa, maƙwabta na dama da na hagu. Mai shayin bakin layi, a ce masa ban manta bashin ƙwai biyu ba. 'Yan majalisa kuwa duk wanda ya tambaye ni a gaishe shi, wanda bai tambaya ba a ƙyale shi.

Auta, kai kuma ga taka. Na ji an ce kai ka riƙe kan rago bana, madalla, an girma. Ka kai yara gidan zu gobe, ka riƙe hannunsu, ku dawo kafin la'asar. Takalmin ƙwallo sai na ga sakamakon jarrabawa.

Inna, in an yi suya a ɗebar mini wanda ya soyu ƙarau a zuba a kakide, ko ba mai zuwa a ajiye da sunana. Yajin kuma akwai mai tahowa a watan Agusta, gwangwani ɗaya ya isa, a rufe bakin da leda. Ku ci gaba da sa ni a addu'a. Gobe ƙarfe bakwai muna kan tsani, saura ɓangaren baya da fenti.

Wassalam,
Ɗanku