Wasiƙa Kan Fita da Digiri Mai Daraja a Kimiyyar Kwamfuta

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma na taya ka murnar gurbin da yaron nan ya samu, Allah Ya sanya albarka. Ga amsar tambayarka kan yadda zai fita da digiri mai daraja a kimiyyar kwamfuta.

Da farko ya san ma'aunin jami'arsa. A Ingila, daraja ta ɗaya tana farawa ne daga kashi 70, mai bi mata daga 60 zuwa 69, kuma shekarar ƙarshe ta fi nauyi a lissafi. A Amurka ma'auni 4.0 ne, darajojin uku: cum laude, magna cum laude da summa cum laude, kowace jami'a da iyakar da ta gindaya. Inda ake aiki da ma'aunin 5.0 kuwa, sai mutum ya kai 4.50 kafin ya samu daraja ta ɗaya.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne rashin fahimtar yadda ake fitar da matsakaicin maki. Kowane kwas yana da yunit ɗinsa, wato nauyinsa a lissafi. Za a ninka makin da aka ci da yawan yunit, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Ɗauki zango mai yunit 18 a ma'aunin 5.0: yaro ya ci A (maki 5) a komai, ya faɗi kwas ɗaya tak mai yunit 3. Sakamakonsa 15 sau 5, 75 ke nan, a raba 18, wato 4.17. Ga wanda ya fi wannan ciwo: in digirin yunit 120 ne, ya gama rabi da 3.8, ko da ya share sauran 60 ɗin da A zalla, 4.4 zai tsaya. Ƙofa ta rufe tun yana aji biyu, shi bai sani ba. Shi ya sa nake ganin shawarar "bari ya saba da makaranta tukuna" ba ta da alheri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kwasa-kwasan da ke jan maki ƙasa sanannu ne: lissafin gina hujja, tsarin adana bayanai, algoridim (matakan warware matsala), da manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kowanne a kan na bayansa yake zaune. Wanda ya haddace amsa ya tsallake na farko, a na uku asirinsa zai tonu, domin can za a ce ya tabbatar da dalilin da hanyarsa ta fi sauri, ba ya rubuta ta kawai ba. Iya rubuta manhaja daban, cin waɗannan daban.

Sai aikin binciken shekarar ƙarshe. A jami'o'in Amurka da dama, darajar da sashen karatu ke bayarwa tana buƙatar kundi a ƙarƙashin malami, wani lokaci har da kare shi gaban kwamiti. Ya nemi mai duba aikin da wuri, ya zaɓi matsala ƙarama da za ta ƙare, ya riƙa adana aikinsa da Git, manhajar da ke ajiye tarihin sauye-sauyen aiki, kada lalacewar kwamfuta ta tafi da wahalar watanni.

Ka ja masa kunne sosai kan kwafar aikin wani. Akwai manhaja mai suna Moss, daga Jami'ar Stanford, da ke gwada ginin aiki da aiki, don haka sauya sunaye ba ya ɓatar da sawu. A wurare da yawa, laifi ɗaya irin wannan ya isa ya hana mutum daraja komai kyan makinsa.

Ya karɓi littafin dokokin sashensu a makon farko, ya duba abu biyu: ko faɗuwa tana nan cikin lissafi bayan an maimaita kwas, da ranar ƙarshe ta ajiye kwas ba tare da an rubuta masa sifili ba.

Ka gaishe min da mutanen gida. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Amininka